Kafin a ƙara gudu, a duba birki

Jama'a, motar gudu ba irin tsohuwar Starlet ba ce da kowane makaniki zai kwance a gindin bishiya. Tun 1996, motocin da ake saidawa a Amurka suna da wata kafa da ake jona na'ura, motar ta faɗi ciwonta da kanta. Wanda ba shi da na'urar, lalube kawai yake.

Shi ya sa da Mustang ɗin ƙanena ta fara shaƙewa, muka kai ta Yamai, sama da kilomita 600 daga Maraɗi, wurin masu gyaran irinta. Shi burinsa a sa mata salansa mai ruri, a ƙara mata ƙarfi. Maigidan garejin ya jona na'ura, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce: "Samari, ƙura ta toshe matatar iska, ruwa-ruwan kwalba da kake zuba mata ya lalata famfon mai, birki kuma ya cinye. Ba ni ƙara mata gudu sai na gyara abin tsayawa."

Ƙanena ya ɓata rai, amma kuɗin salansar suka tafi a birki da tayoyi. Ni kam na ga gaskiyar dattijon. Hanyoyinmu akwai amalanke, akwai shanu, akwai yara masu komowa daga lakkol, kuma babu ɗayansu da ruri ke kare shi.

Mai irin wannan mota, don Allah ka fara da birki. Allah ya kiyaye hanya.