Daga Sakkwato Zuwa Maiduguri A Jirgin Sama

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarmu, in ba 'yan'uwa labarin wata tafiya da na yi, ko wani ya ƙaru da ita.

Ni akawu ne a Sakkwato. Cikin hunturun da ya wuce, ran nan da hantsi ina ofis, sai aka yi mini waya daga Maiduguri, aka ce kawuna, wanda ya rene ni ya kuma sa ni makaranta, yana kwance rai a hannun Allah, yana ta ambaton sunana. Na jawo taswira na auna, na ga tsakanin filin jirgin sama na Sakkwato da na Maiduguri kamar mil 540 ne in an miƙe sak. Na ce a raina, ai tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce, kafin magariba ina gabansa.

Ashe lissafin takarda dabam, na hanya dabam. Da na je sayen tikiti, ma'aikacin ya ce, "Malam, ba mu da jirgin da zai miƙe Barno, sai dai ka bi ta Abuja." To, daga Sakkwato zuwa Abuja kamar mil 300 ne, daga can zuwa Maiduguri kuwa kamar 440, ka ga an yi ƙarin mil 200 ke nan.

Muka tashi da la'asar, cikin sa'a guda muka sauka Abuja, na tarar jirgin Barno ya riga ya tafi. Tilas na kwana. Da gari ya waye, sai aka ce hazo ya rufe Maiduguri, matuƙi kuwa ba ya sauka inda ba ya iya hangen fili. Muka zauna jugum har azahar, sa'an nan muka tashi. Ban shiga gida ba sai bayan la'asar. Wajen sa'a 30 ke nan tun da aka yi mini waya, alhali zamana a sama bai cika sa'a uku ba.

Allah ya sa na iske kawu da sauran numfashi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka iso?" Na ce, "Na iso, Kawu." Ya sa mini albarka, da asuba ya cika. Da hazon nan ya ƙara wuni ɗaya, da sai dai in zauna karɓar gaisuwa.

Ba raina jirgi nake yi ba. Baturen nan Kilafaton ya bar Kukawa cikin Disamba 1823, bai shiga Sakkwato ba sai Maris 1824, zamanin Sarkin Musulmi Bello. Wata uku ina, kwana ɗaya ina!

Amma shawarata ga mai tafiyar gaggawa, kada yawan mil ya ruɗe shi. Ya tambaya tukuna, jirgin miƙewa zai yi, ko sai an sake wani a hanya? Sa'a nawa ne tsakanin saukar wannan da tashin wancan? In kuwa lokacin hunturu ne, ya riƙe kuɗin kwana a aljihu.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Sakkwato.