Bronx Kafin Sanyi Ya Sauka: Lokacin Yi Wa Ƙarfen Ɗumi Kwalliya

Uwargida, idan Allah ya nufe ki da zuwa birnin New York na ƙasar Amurka, ko don taya 'yarki zaman jego ko don duba ɗan da ke neman abinci a can, da wuya ƙafarki ba ta taka Bronx ba. Ɗaya ce daga gundumomi biyar na birnin, a ɓangaren arewa, kuma nan 'yan Afirka ta Yamma da yawa suka yi mazauni: mutanen Ghana, Gambiya, Gini, Mali, Nijar da Najeriya. Kada ki yi mamaki in kin ji ana gaisawa da Hausar zangon Kumasi a bakin masallaci ko a kantin da ake sayar da daddawa da busasshen kifi.

Babban titin gundumar shi ne Grand Concourse, wanda aka buɗe a 1909. Jirgin ƙasa mai lamba D yana bi ta ƙarƙashinsa. Hagu da dama benaye ne na bulo, masu hawa biyar ko shida, galibinsu ginin shekarun 1920 da 1930. Ki shiga kowanne daga cikinsu, ki duba gindin taga. Za ki ga wani zubabben ƙarfe a tsaye, tsayinsa daga gwiwa zuwa ƙugu, mai layi-layi kamar haƙarƙarin sa. Da harshensu sunansa ɗaya da lagireton mota, aikin ma kusan ɗaya ne, wato fitar da zafi. Bambancin kawai shi ne na mota iska yake ba wa zafin a banza, wannan kuwa mutanen ɗaki yake ba wa. Mu kira shi ƙarfen ɗumi. Mutumin da aka fi danganta ƙirƙirarsa gare shi, Franz San Galli, a birnin Saint Petersburg na Rasha ya yi aikinsa wajen 1855.

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kowane bene akwai ƙatuwar tukunya da ke tafasa ruwa. Tururin yana hawa ta bututu zuwa kowane ɗaki, ya shiga ƙarfen, ya tura iskar da ke ciki waje ta wani ɗan bututu mai ƙaramin rami da ke gefe. Shi ne cin-cin ɗin da za ki riƙa ji da asuba. In tururin ya huce ya koma ruwa, sai ya gangara tukunya. A gidaje da yawa bututu ɗaya ne ke kawo tururi ya kuma mayar da ruwa, don haka ake ɗan karkata ƙarfen zuwa ɓangaren famfonsa. In ruwa ya maƙale a hanya, tururi ya zo ya buge shi, sai ki ji ƙara kamar maƙeri na dukan uwar maƙera cikin dare. Ba aljanu ba ne, ki koma barcinki, da safe a gaya wa mai kula da ginin.

Abin da zai fi ɗaure miki kai shi ne tagogi a buɗe a tsakiyar Janairu, ga dusar ƙanƙara na zuba. Dalilin yana da tarihi. Bayan annobar mura ta 1918, wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya, masana lafiya sun dage cewa iska mai tsabta ta riƙa ratsa ɗaki. Sai injiniyoyi suka girka tukwane da ƙarafa masu girman da za su ɗumama ɗaki a ranar da ta fi kowace sanyi ko da taga na buɗe. Daga baya aka sa tagogi masu rufuwa ruf, zafin ya yi yawa. Nan fenti ya shigo. A 1935 hukumar awo ta Amurka ta fitar da bayani cewa fenti mai garin ƙarfe a ciki, irin mai ruwan azurfa, yana rage zafin da ƙarfen ke fesowa. Shi ya sa za ki ga da yawansu fari fat kamar sabon kwanon samira. Sauran launuka kuwa, fari ne ko kore ko ruwan ƙasa, ba su da wani bambanci a ɗumi. Kina iya zaɓar wanda ya dace da labulenki.

Dokar birnin ta ware lokacin ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. A tsakanin nan, idan sanyin waje ya sauka ƙasa da kimanin digiri 13 da rana, dole mai gidan haya ya riƙe ɗaki a digiri 20 ko sama. Da dare kada ya gaza kimanin digiri 17. Wanda aka hana ɗumi yana kiran lamba 311 ya kai ƙara. Saboda haka watannin Agusta da Satumba su ne lokacin gyara, ƙarfe yana sanye, ana iya barin taga a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fenti a kan ƙarfe mai zafi kumbura yake yi ya ɓare, warinsa kuma ya cika ɗaki.

Kafin hannu ya taɓa buroshi, akwai maganar da ta fi kwalliya muhimmanci, wato dalma. Tsoffin fentoci suna ɗauke da ita. New York ta hana amfani da su a cikin gidaje a 1960, Amurka baki ɗaya kuma a 1978, amma ƙarfen da ya shekara casa'in yana iya ɗauke da shafe goma, sabo kan tsoho. In ya fara ɓarewa, ɓarɓashin na zuba a daɓe, daidai inda jikanki ke rarrafe yana kai hannu baki. Mu ba baƙi ba ne ga wannan masifa. A 2010 ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Wadda ke cikin fenti ba ta cika kisa nan take ba, sannu a hankali take taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Don haka jihar New York ta wajabta gwada jinin yara suna da shekara ɗaya da kuma shekara biyu. Dokar birnin ta 2004 kuma ta ɗora wa mai benen haya da aka gina kafin 1960 nauyin dubawa da gyara fentin da ke ɓarewa in akwai yaro ɗan ƙasa da shekara shida a gidan. Ki gaya wa 'yarki kada kunya irin tamu ta hana ta neman haƙƙinta. In fentin tsoho ne kuma yana ɓarewa, aikin ƙwararru ne, ba nata ba.

In an tabbatar babu dalma, kuma mai gida ya yarda, aikin bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba. A fitar da yara da mai juna biyu. A shimfiɗa leda a ƙasa, a sa kwali tsakanin ƙarfen da bango. A share ƙurar da ta taru tsakanin haƙarƙarin, a wanke da ruwan sabulu. Inda tsatsa ta ci, a goge da buroshin waya da samfefa har sai ƙarfe ya fito, ana yayyafa ruwa kaɗan don kada ƙura ta tashi. A goge da tsumma, a bari ya bushe ƙarau, domin zubabben ƙarfe in ya kwana da laima tsatsa ta dawo ke nan. Sai shafen farko da fentin mai irin wanda ke hana tsatsa. Bayansa shafe biyu marasa kauri na fentin da aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana jure zafi, ana barin na farko ya bushe kafin na biyu. Akwai buroshi mai doguwar ƙota lanƙwasasshiya da ake sayarwa don lungunan. Kada a yi ƙoƙarin cire ƙarfen daga mazauninsa, manyansu sun haura kilo 100.

Wurare biyu fenti ba ya zuwa: famfon da ke ƙasa da ɗan bututun iska na gefe. In aka toshe ramin bututun, iska ba ta fita, tururi ba ya shiga, ƙarfe ya yi kyau ɗaki ya yi sanyi. Tsatsa a gindin famfo kuma alama ce ta yoyo, kada a rufe ta da fenti, a kira mai gyara. Tururin nan zafinsa ya kai digiri 100. A Disamba 2016 wasu ƙananan yara mata biyu, ya da ƙanwa, sun rasu a unguwar Hunts Point bayan tururi ya ƙwace daga irin wannan ƙarfe ya cika ɗakinsu. Rashin ɗumin ma yana da nasa haɗarin. In ɗaki ya yi sanyi, mutane kan koma ga hita ta lantarki, kamar yadda mu kan shiga da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu. Irin wannan hita ce ta tayar da gobarar benen Twin Parks a Janairu 2022, wadda ta ci rayuka 17, takwas daga ciki yara, akasarinsu iyalan Gambiya. Allah ya ji ƙansu.

Gidan da ke da mai rarrafe ya kamata a sa wa ƙarfen murfi mai raga, a kuma nisanta gadon jariri daga gare shi. Ranar farko da aka kunna tukunya a Oktoba sabon fentin zai ɗan yi wari, sai a buɗe taga na wasu awoyi. Daga nan kuma ƙarfen ya zama na kowa: yara su shanya safar hannu a kusa da shi bayan makaranta, wasu su aza ɗan kwanon ruwa a kai don rage bushewar iska, wadda ke fasa leɓe da dunduniya kamar hunturun Kano.

Ko ba ki da niyyar tsallaka teku, hanyar nan ita ce ta gyara gadon ƙarfe, ƙyauren gida da ƙarafan taga kafin damina ta ƙara musu tsatsa. Ki tambayi mai kanti fentin da aka rubuta babu dalma a ciki, ki jiƙa kafin ki kankare tsohon, ki kwashe ɓarɓashin a leda, sannan ki goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma kafin yara su dawo daga Islamiyya.