Rabin aiki a Zuru

A wani ofishi a Zuru, wata ma'aikaciya ta wuni tana shigar da sunayen manoman da za a raba wa taki cikin rumbun bayanai na MySQL. Da azahar ta buɗe sabon aiki da START TRANSACTION. Da la'asar hadari ya taso, intanet ta ɗauke, baƙin allon umarni ya nuna kuskure mai lamba 2013.

Da layi ya dawo, ta rubuta connect, rumbun ya karɓe ta a matsayin baƙuwa. Duk abin da ba ta hatimce da COMMIT ba ya riga ya soke shi, domin ba ya ajiye rabin aiki. Sai ta koma kan takardu har isha'i, kada wani ya rasa buhunsa. Tun ranar, tana gama ƙauye take hatimcewa.