Kwalliyar da Gumi Ba Ya Wankewa

Idan aka ambaci kwalliya a Hausa, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne kwalli da lalle da jan-baki da hoda, wato kayan da ke ƙara wa fuska kyau. To amma akwai wata kwalliyar da aikinta ya sha bamban da wannan. Ita ce ke mayar da saurayi dattijo, ta mayar da lafiyayye majinyaci, ta ɗora wa wanda ko ƙwarzane bai taɓa samu ba tabon sara. Shekara uku ke nan ina yin irin wannan kwalliya ga 'yan wasan kwaikwayo na sashenmu, kuma ina so in yi wa mai karatu bayanin wani fenti da ya sauya mini aikin baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa hawa dandamali a nan kudu ya san babban abokin gabarmu, wato gumi. Iskar nan cike take da laima, ga zafin fitilu, ga cunkoson 'yan kallo. Mun saba yin furfura da hoda ko garin alli, mu ja layukan tsufa da gazar, mu yi jini da jar kala. Kafin a kai fitowa ta uku, sai ka ga furfurar mai unguwa ta gangaro masa a wuya, 'yan kallo kuwa su fashe da dariya a daidai wurin da marubuci ya so a yi kuka. Wannan asara ce babba, domin ɗalibai sun yi wata biyu suna haddar Hausa, da yawansu ma ba harshen gidansu ba ne, sannan hoda ta rushe musu wahalarsu.

Fentin da nake magana a kai yakan zo a busasshe, cikin faranti mai gida-gida, kamar kalar zanen 'yan firamare. Bambancinsa shi ne ruwa ba ya narka shi ko kaɗan. Sai an ɗiga masa sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 99 cikin 100 kafin ya tashi. Wanda ake samu a kemis mai kashi 70 ba ya yi da kyau, saboda ragowar kashi 30 ɗin ruwa ne. Da zarar an shafa fentin da burushi, sinadarin yakan bi iska cikin 'yan daƙiƙu, ya bar launi siriri manne da fata, wanda gumi ko ruwan sama ba sa gusar da shi. Masu kwalliyar fim a Amurka ne suka ƙirƙiro shi don buƙatar kansu. Kenny Myers shi ne ya fito da samfurin Skin Illustrator, Fred Blau kuma ya kafa Reel Creations. A Nollywood ma ƙwararru irin su Hakeem Onilogbo, wanda aka fi sani da Hakeem Effect, sun nuna cewa kwalliyar rauni da ƙuna sana'a ce mai zaman kanta.

Ɗorewar fentin ce ta fara jan hankalina, amma abin da ya riƙe ni daban ne. Hoda da fentin maiƙo a kan fata suke zama, su rufe ta. Wannan kuwa shara-shara ne, ana ganin fatar mutum ta cikinsa, sai launin ya zama kamar daga ƙarƙashi yake fitowa. Haka kuwa jikin ɗan Adam yake. Jijiya da kwanciyar jini da ɗigon tsufa duk a ƙarƙashin fata suke. Saboda haka ba a lafta shi. Akan tsarma shi sosai, a shafa kaɗan, a bari ya bushe, a ƙara wani launin a kai. Wani lokaci nakan tsoma tsohon burushin goge baki in fantsama ƙananan ɗigo da babban yatsa, domin babu fatar da take launi ɗaya sumul.

A nan ne na gane cewa fenti ba ya koya wa mutum kallo. Littattafan koyarwa sukan ce wurin da aka buge yakan fara da ja, ya koma shuɗi ko shunayya, daga baya ya zama kore, ya ƙare da ruwan ɗorawa, gwargwadon yadda jiki ke narkar da jinin da ya kwanta. Gaskiya ne, amma hotunan da ake nunawa yawancinsu na farar fata ne. A jikin baƙin mutum abin da ido ya fi gani shi ne kumburi da sheƙi da duhun da ya fi na kewaye, koren da ɗorawar kuwa da ƙyar suke bayyana. Wanda ya kwafi hoton littafi ya ɗora wa ɗan wasanmu, zai fito kamar an watsa masa kalar rini. Malamaina na gaskiya su ne ƙaurin 'yan ƙwallon ajinmu, da hannun tsofaffin da ke sayar da goro a Sabo, da goshin kakata. Ko a cikin ajinmu akwai baƙi wuluk, akwai wankan tarwaɗa, akwai fari, kuma haɗin launin da ya dace da wannan ba zai dace da wancan ba.

Wurin da aikin ya fi taɓa karatunmu shi ne tsagar fuska. Wasanni da yawa da muke yi labarin zamanin da ne, lokacin da fuskar mutum ke faɗin asalinsa kafin ya buɗe baki. Bagobiri da zanensa, Babarbare da nasa, wani kuma da billensa a kumatu. Wannan al'ada ta wanzamai tana ja baya, ga kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta shekarar 2003 da ta hana yi wa yaro tsaga. Ke nan nan gaba dandamali da fim ne za su riƙe wa jikokinmu kamannin waɗannan fuskoki. Nakan ja layin da wani ruwa mai suna kolodiyon, wanda ke tsuke fata idan ya bushe har ta yi kwari, sannan in bi cikin kwarin da fenti mai ɗan duhu. Kafin in taɓa burushi sai na tambayi waɗanda suka san zanen, domin ɗora wa Bagobiri zanen wata ƙabila daidai yake da sa masa karin harshen da ba nasa ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma aikinmu shi ne mu kusanto da kamar iyakar iyawa.

Akwai kuma matsalar suna, wadda ta shafe ni a matsayina na wanda ya koyi Hausa a aji. Ƙamus ya nuna mini cewa kalmar Ingilishi ta wannan sinadari tana nufin giya ko barasa. Da a ce na tunkari ɗan wasa Musulmi na ce zan shafa masa fentin giya a fuska, da wasa ya watse tun kafin a fara, kuma da gaskiyarsa. Isofurofil ba abin sha ba ne, guba ne ga wanda ya haɗiye shi, ɗan'uwan abin da ake goge fata da shi ne kafin a yi allura. Shi ya sa nake kiransa fentin sifirit, kalmar da kowa ya sani daga asibiti. Duk da haka tambayar alwala tana nan. Lalle rina fata yake yi, ruwa yana ratsawa, amma wannan fenti shimfiɗa ce da ke tare ruwa kamar jan-farce. Don haka muka tsara cewa mai salla ya yi alwala ya sallaci la'asar kafin ya zauna a kujerata, kuma in tanadi man gogewa da auduga don a cire fentin da zarar an tashi. Ba a taɓa tilasta wa wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Wajibi ne in ja kunnen duk mai sha'awar gwadawa. Sifirit yana kama wuta nan take, don haka kada a buɗe shi kusa da kyandir ko aci-balbal ɗin da muke ƙawata dandamali da su. Kada a kai shi kusa da ido, ko kan ƙurji, ko fatar da aka aske yanzu, saboda raɗaɗi. A yi aikin a wuri mai iska, a fara gwada kaɗan a bayan hannu, a kuma shafa mai bayan an goge, domin yana busar da fata. Kada a kankare shi da soso da sabulu, da mai ake cire shi a hankali.

Fentin yana da tsada, tunda daga waje ake shigo da shi, amma faranti ɗaya yakan daɗe idan ana tattali. Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce ta sayi guda ɗaya ta ajiye a matsayin kayan sashe, a kuma riƙa koya wa 'yan aji ɗaya da biyu tun kafin mu da muka iya mu kammala. Ga ƙannena masu tasowa kuwa, ku fara da kallon fuskokin mutane a kasuwa da mota da masallaci da coci, kafin ku nemi burushi. Allah Ya ba mu sa'a, amin.