An Rage Tumbi A Hartum, An Yi Jinya A Umdurman

Duk wanda ya zauna Umdurman kafin yaƙin 2023 ya san garin nan da baki ake zagaya shi. Tun da asuba mai shayi ta kafa murhunta a bakin titi, zalabiya tana iyo cikin mai. Da hantsi a zauna fatur, ful da man riɗi da burodi. A Maurada, bakin kogi, ga soyayyen kifi. Can yamma da gari, a kasuwar Gandahar, kai za ka zaɓi namanka, mata su gasa maka. In dare ya yi kuma sai namu na gado, wato agashe, wanda Hausawa suka kawo ƙasar nan da yajinsa da ƙuli-ƙulinsa har ya zama na kowa. Shayi kuwa ba a cewa komai, cokali uku na sukari ai farawa ne. Ƙasar da ta gina ma'aikatar Kenana ba ta wasa da zaƙi.

A wannan gari, a unguwar Umbadda, yayata ta yi jinyar tiyatar rage ƙiba a shekarar 2022, ni ne kuma mai kai ta da komo da ita. Abin da na gani a hanya da cikin gida shi zan ba ku.

Mu faɗi gaskiya, a wurinmu da wurin maƙwabtanmu Larabawa ƙibar mace ado ce. Amarya a ɗura mata madidar hulba, mai jego ma haka, a ce ta cika ta yi kyau. A kasuwanni har ƙwayoyin sa ƙiba ake sayar wa 'yan mata a ɓoye, mafi yawansu dangin kotizon, masu kumbura fuska su tayar da sukari da hawan jini. Yayata ba ta taɓa shan su ba. Haihuwa biyar da zaman gida da kwanon asida suka yi mata aikin. Tsawonta mita 1.60, nauyinta kilo 118. Ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga gwiwa da ta ƙi, har salla sai a kan kujera.

Likitoci suna da lissafinsu. A ɗauki nauyi a raba shi da tsawo, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Nata ya ba da 46. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce a yi tiyata ga wanda ya kai 40, ko 35 in yana da wata cuta kamar sukari. A ƙarshen 2022 ƙungiyoyin likitocin fiɗa suka sauko da ita zuwa 35 da 30. Ko da wacce aka auna ta, ta wuce.

A wancan lokaci manyan asibitoci masu zaman kansu galibinsu a ƙetaren kogi suke, cikin Hartum. Umdurman tana da nata Titin Likitoci kusa da babban asibiti, amma irin wannan aiki sai an haye. Daga Umbadda mukan bi titin Arda, mu sauko Maurada, mu hau tsohuwar gadar Farin Nilu da Turawan Ingila suka gina tun shekarun 1920. Daga saman gadar kana hango Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, kowanne da launinsa, su yi tafiya mai ɗan nisa kafin su gauraya. Tafiyar ba ta da tsawo, amma a wancan lokaci ba ta da tabbas. Tun bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, duk ranar da matasa suka sa zanga-zanga sai a wayi gari an toshe gadoji, wani lokaci da manyan kwantenoni. Saboda haka kafin mu karɓi ranar ganin likita sai mun fara tambayar yaran unguwa jadawalin fitarsu.

Mun yi wata guda muna wannan zirga-zirga: awon jini, awon zuciya, hoton ciki, da zura bututu mai kyamara ta maƙogwaro don a duba tumbin. Sai aka ɗora ta a kan abinci mara maiƙo da sukari na mako biyu. Dalilin ya ba ni mamaki. Hantar mai ƙiba takan kumbura da kitse ta kwanta a kan tumbi, to sai ta ɗan motse likita zai iya ɗaga ta ya yi aikinsa.

An shiga da ita a watan Mayu, bayan Ƙaramar Salla, a wani asibiti mai zaman kansa a gabashin Hartum. Aikin da aka yi mata shi ne wanda ake kira takmim da Larabci. Ba a tsaga ciki. Ana huda ƙananan kafofi huɗu ko biyar, a hura iska don ciki ya buɗe, a shigar da kyamara da wata na'ura mai yanka tana ɗinkewa a lokaci guda da 'yan ƙananan ƙarafa. A cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi gaba ɗaya, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba, ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin kofin shayi. A ɓangaren da aka cire ne jiki yake yin mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa mai wannan aiki yakan yi watanni abinci bai ba shi sha'awa ba. Akwai wani aikin daban da ake karkatar da hanji, wanda likita Edward Mason ya fara a Amurka a 1966. Shi takmim ta hanyar kyamara sabo ne a kansa, wajen shekarar 2000 ya soma. Abu ɗaya mai karatu zai riƙe: abin da aka yanke ba ya komawa.

Awa biyu ba ta cika ba aka fito da ita. Da ta farfaɗo, kukan da ta fara yi na kafaɗa ne. Inna ta ce, "Ikon Allah, an yanka ciki, kafaɗa ke ciwo?" Nas ta ce iskar da aka hura ce, za ta baje cikin kwana biyu. Kafin magariba sai ga nas ɗin nan ta dawo ta ce a tashi a yi tafiya. Inna ta tare ta, "Haba 'yar nan, ki ji tsoron Allah, yau fa aka yi mata aiki." Ita kuwa ko a jikinta. Kwanciya ce ke sa jini ya yi guda a jijiyar ƙafa, gudan kuma in ya tafi huhu yana kisa. Haka na riƙe sandar ƙarin ruwa, muka yi ta kai da kawo a barandar asibiti, tana ja ina ja, fitilun Hartum suna ɗaukewa janareto yana karɓa. Washegari aka ba ta ruwa a ɗan finjali, aka ce ta yi kwata tana kurɓarsa. Kwana biyu aka sallame mu.

Jinya ta gaskiya a gida aka yi ta. Kun san al'adarmu, mara lafiya ba ya zama shi kaɗai. 'Yan uwa suka yi ta zuwa daga Mayo da Ingaz, wasu har daga Maiwurno da Gadarif, kuma babu mai zuwa hannu sake. Wannan ta kawo farfesun kaza, waccan ta kawo godo-godo, wata ta kawo kwalin lemon kwalba. Takardar likita kuwa ta ce mako biyu na farko ruwa-ruwa kaɗai: romo da aka tace, madara ko nono marar sukari, kunu tsararo. Mako biyu na biye abinci niƙaƙƙe lukui. Daga nan mai taushi, sai wajen mako na shida zuwa na takwas a koma abincin kowa, shi ma lomomi kaɗan. Ba lemo mai gas. Ba a haɗa ci da sha, sai an bar rabin awa tsakani.

Wata gwaggonmu da ta taso tun daga Sinnar ta zauna bakin gado da kwano a hannu, ta ce, "Ke dai ci, 'yata, ko loma biyu ce. Ciki ba ya warkewa da ruwa." Yayata ta ce, "Gwaggo, wallahi babu wurin da zan sa shi." Gwaggo ta juyo kaina, "Kai ne ka kai ta aka mayar da ita haka? Da kuɗinku kuka sayi yunwa?" Ban ce komai ba, don ƙin karɓar abincin babba a wurinmu kusan zagi ne. Daga baya muka samo dabara. Duk kwanon da aka kawo sai a karɓa da godiya, ta ɗanɗana romon da bakin cokali a gaban mai shi, sauran a miƙa wa yara.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne ruwa. A watan Mayu zafin Hartum yakan wuce digiri 40, wuta tana ɗaukewa rabin yini, ga habub tana tasowa ta rufe gari da jan ƙura. An ce ta sha lita ɗaya da rabi a kullum. Mai lafiya zai ɗaga moɗa biyu daga tulu ya gama. Ita kuwa kurɓa ɗaya, ta huta, ta sake kurɓa, tun safe har dare, in ta yi gaggawa ya dawo. Rana ta shida ta tashi da jiri, fitsari ya yi ja, baki ya bushe. Ranar kuma an rufe gada. Na kira likitan ta waya. Tambayarsa ta farko ita ce bugun zuciyarta nawa ne a minti guda, kuma akwai zazzaɓi? Ya ce in ya haura 120, ko ga zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani, to ana tsoron ɗinkin ya yi yoyo, kuma ko ta jirgin ruwa ne sai mun kawo ta. Wannan yoyo yakan sami kamar mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma shi ne babban abin tsoro a makonnin farko. Na ƙirga, 98. Muka sa ta a rakasha zuwa wani ƙaramin asibiti a nan Umdurman, aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu, ta dawo hayyacinta.

A nan zan ɗan yi tsokaci. Mutane da yawa sukan tafi Alkahira su yi wannan aiki cikin mako guda su dawo, don sun ji an ce ya fi sauƙi. Ni dai a ganina wanda zai yi, ya fara tambayar wa zai ɗauki wayarsa a rana ta shida, kafin ya tambayi farashi.

Cikin wata guda likita ya rage mata maganin sukari, daga baya ya tsayar da allurar. Babbar Salla ta zo a watan Yuli. Aka yanka rago, maƙwabta suka aiko da marara, hayaƙin gashi ya cika tsakar gida, ita kuwa rabonta tsoka biyu da aka dafa har suka farfashe, ta yi minti ashirin tana taunawa. Amma a ranar ta yi sallar idi a ƙasa, da ruku'u da sujada, karo na farko cikin shekara huɗu. Wajen wata na huɗu gashinta ya soma zuba, hankalinta ya tashi, aka ce haka yake yi, ta ƙara ƙwai da kifi da nono, zai tsiro. Ya kuwa tsiro. Gwaggo dai har yanzu cewa take yi an lalata mata 'ya.

Ba ta cika shekara da aikin ba yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da ake faɗa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na asibitoci sun daina aiki. A Umdurman asibitin Nau ne ya ɗauki nauyin jama'a. Gadar Shambat ta karye a watan Nuwamba na shekarar. Mu kuwa Gadarif muka nufa da abin da hannu ya iya ɗauka, likitanta ya bar ƙasar, takardun asibitinta suka tsaya a Umbadda.

A can ne muka gane nauyin wata magana da aka faɗa mana tun ranar farko, cewa mai ragaggen tumbi zai sha bitamin har ƙarshen ransa. Jikin mai ƙaramin tumbi ba ya tsotsar B12 da sinadarin ƙarfe yadda ya kamata. Da ƙwayoyinta suka ƙare ta yi wata biyar babu, sai ga kasala, ga tafin ƙafa yana yi mata kamar ana tsira allura. Wani likita a Gadarif ya tambaye ta ko an taɓa yi mata aiki a ciki, da ta faɗa masa sai ya rubuta allurar B12 nan take.

Sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris 2025, mutane kuma suna ta komawa gidajensu. A cikinsu akwai waɗanda aka yi wa wannan aiki kafin yaƙi, suka yi shekara biyu ko uku babu mai duba su. In akwai irinsu a gidanku, a kai su awon jini, a duba B12 da ƙarfe da bitamin D. A gaya wa likita sunan aikin da shekarar da aka yi shi, a kuma tuna masa kafin ya rubuta maganin ciwon jiki, don irin su diklofenak suna cin bangon ragaggen tumbi.