Waya ta Huɗu

Ƙarfe shida na safe, cikin sanyin hunturun Zariya, wani malamin jami'a ya murɗa makullin motarsa, bai ji komai ba sai ƙas-ƙas. Ashe fitilar ciki ta kwana a kunne. Mahaifiyarsa na zaune a baya, ana jiran ta asibiti ƙarfe bakwai domin wankin ƙoda. Motar kuwa otomatik ce, turi ba ya tayar da ita.

Maƙwabcinsa, tsohon direban doguwar tafiya, ya matso da tasa motar kusa, bai bari sun taɓa juna ba. Ya kashe inji, ya ja birkin hannu, sannan ya tsaya yana duba batirin: babu tsagewa, babu kumburi, ba ya yoyon ruwa. Da ya ga ɗaya daga cikin ukun, da bai jona ba. Ya kuma tabbatar duka batiran masu bolt 12 ne, domin wutar bolt 24 ta manyan motoci tana ƙona wayoyin ƙaramar mota.

Ya maƙala jar waya a kan alamar (+) ta mataccen batir, ɗaya bakin a (+) ta mai rai. Baƙar waya ta hau (−) ta mai rai. Malamin, wanda hankalinsa ke kan agogo, ya fizgi bakin da ya rage zai ɗora kan mataccen batir. Dattijon ya riƙe masa hannu.

"Malam, a bi a hankali. Ba nan ba."

Ya kai shi can jikin inji, ya maƙala a wani ƙarfe marar fenti, nesa da batir da bututun mai.

Dalilin ba camfi ba ne. Batirin dalma da asid yana fitar da iskar haidurojin, mai saurin kamawa da wuta, kuma tartsatsi yakan tashi ne a mahaɗa ta ƙarshe, inda da'irar wuta ke cika. In ya tashi a kan batir, yana iya fashewa ya watsa asid a fuska. Juya wayoyin ma hasara ce: yakan ƙona fiyus, ko altaneta, ko kwamfutar motar. Haka nan dabarar nan ta cire batir inji na aiki, wadda tsofaffin motoci suka jure, tana iya lalata na'urorin motocin zamani.

Dattijon ya kunna tasa, suka jira minti biyar. Motar malamin ta tashi a murɗawa ta biyu. Aka cire wayoyin a juye, daga ta huɗu zuwa ta farko, ba a bar bakunansu sun haɗu ba.

"Kada ka kashe ta sai ka yi tafiyar rabin sa'a," in ji shi. "In ta sake yi, a kai wa mai gyaran wuta ya auna. Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi."

Sun isa saura minti goma. A hanyar dawowa malamin ya tsaya a kasuwa ya sayi wayoyinsa, masu kauri, ya ajiye a but.