Kasuwar da Ta Yi Barci da Kasuwar da Ta Tashi

A gabashin kogin Shuɗin Nil, daura da Damazin, akwai garin Rusairis. Mutanen Sudan sun san sunan nan saboda babbar madatsar ruwa da aka gama ginawa a 1966, aka kuma ƙara mata tsawon mita 10 a 2013. Bayan madatsar ruwa ya kwanta ya zama tafki mai faɗi, Hausawa da yawa kuwa a jikinsa suke neman abinci, waɗansu da su, waɗansu da noman bakin ruwa. A cikinsu akwai wata mace mai 'ya'ya huɗu, mijinta masunci ne. Labarinta ne wannan.

Tun tana budurwa ta iya gyaran kifi. Takan tsaga shi, ta shanya a rana har ya bushe ƙamas, irin wanda mutanen ƙasar suke kira kajek. Ta kuma iya haɗa yajin agashe, watau tsiren nan na Hausawa da ya zama abin marmari a dukan Sudan. Amma a kasuwar Rusairis kowace mace ta iya wannan, don haka riba ba ta taka kara ta karya ba. Ƙanenta ne, da ya dawo daga karatu a Khartum a 2019, ya ce mata, "Yaya, abin da kike sayarwa a nan da roƙo, a can nemansa ake yi." Ya buɗe mata shafi a Facebook, ya sa hoton kifi da na yaji a cikin kwalabe, ya rubuta lambar waya.

Ga yadda cinikin yake tafiya. Mai saye ya ga hoto, ya aiko da saƙo ta WhatsApp. A daidaita kuɗi, ya biya ta Bankak, wato manhajar wayar nan ta Bankin Khartum, ya turo hoton shaidar biya. Da asuba ƙanen ya haye zuwa Damazin da kwali a ɗaure, ya ba direban bas. Motar ta bi ta Sinja, ta Sinnar, ta Wad Madani, tafiyar wajen kilomita 500, kafin dare kaya sun isa Khartum. Ita kuwa tana da wani littafi mai jan bango inda take rubuta sunan kowane mai saye, da unguwarsa, da abin da ya saya. A shekara uku sunayen sun cika shafi da yawa. Masunta biyar suna ba ta kifi bashi, tana biya ƙarshen wata. Da kuɗin nan aka yi wa ɗaki rufin kwano, aka sa babbar 'yarta a makaranta.

Sa'an nan Yuli na 2022 ya zo. Rikici ya tashi tsakanin Hausawa da waɗansu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, ya ci Rusairis da Ganis da kewaye, mutum fiye da 100 suka mutu. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, ya fi na fari muni. Ita da 'ya'yanta suka gudu wurin dangi a wajen Sinnar da abin da hannu zai iya ɗauka. Littafin nan yana ciki. Watanni shafin yana shiru. Mutane suka ce mata ta manta da shi, ta nemi aikin gona. Ta ƙi. Da ƙura ta lafa ta koma gida, ta sa hoto ɗaya, kafin mako ya zagayo tsofaffin masu saye suka fara aiko da saƙo: ina kika shiga, muna ta nemanki.

Haƙuri ya biya ta a wannan karo, kuma ta riƙe darasin da hannu biyu. Abin tausayi, darasin nan ne ya kusa kashe ta a karo na biyu. Gama mutum yakan ɗauki maganin da ya warkar da shi jiya ya sha wa ciwon yau, ba tare da ya tsaya ya duba ko ciwon ɗaya ne ba.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan gwamnati da mayaƙan RSF. Saƙonni suka tsaya cak. Ta ce, "Kwana nawa ne? Na ga wanda ya fi wannan." Ta ci gaba da karɓar kifi daga masunta, tana shanyawa, tana jibgewa a buhu. Da mutanen Khartum da yawa suka gudu Wad Madani, kaɗan daga cikin masu sayenta suka neme ta daga can, ta aika musu. Kwali uku ne ko huɗu a wata, inda dā take aika goma sha, amma ta ɗauke su alamar cewa kasuwa tana farkawa. A Disamba 2023 Wad Madani ma ta faɗi. A Fabrairu 2024 waya da intanet suka ɗauke a kusan dukan ƙasar har na makonni. Mai ciniki ta waya da ba waya, ai ya zama masunci a busasshen tafki.

Ƙanenta ya matsa mata. Shi kuwa kullum da sabuwar dabara: yau a sayar da katin waya, gobe a shiga canjin kuɗi, jibi a sayo kayan sola. Da ta bi shi, da jarin ya ƙare tun a watan farko, gama wanda yake sake hanya kowace safiya ba ya isa ko'ina. Ta san wannan, ta kuwa yi gaskiya. Amma sanin kuskuren ƙanenta ya rufe mata ido daga nata. Duk lokacin da ya ce a canja, sai ta ji kamar ana ce mata ta zama irinsa, ta ƙara kafewa.

A halin nan kaya suna lalacewa. Kajek yana da kwana, amma ba ya dawwama; ƙwari suka shiga buhunan ƙasa, in an ɗaga sai gari ya zubo. Yaji kuwa da gyaɗa ake haɗa shi, man gyaɗa in ya daɗe cikin zafi sai warinsa ya juya. Ta ɗauki kuɗin adashinta ta biya masunta biyu, saura uku suna jira. Mijinta mutum ne mai kawaici. Wata rana da dare ya ce, "Uwar yara, mutanen nan tare muke shiga ruwa. Na fara jin nauyin haɗa ido da su." Ta ce, "Malam, a ƙara mini wata ɗaya." Ya yi shiru. Wata ɗayan nan ta riga ta roƙe shi sau uku.

A ƙarshen Yuni 2024 aka kama Sinja. Hanyar arewa ta toshe ɗungum, ba bas, ba babbar mota. Mutane suka kwararo kudu zuwa Damazin, aka cika makarantu da 'yan gudun hijira, kayan masarufi suka yi tsada, tsabar kuɗi ta yi wuyar gani. Wanda yake da kuɗi a Bankak in yana son na hannu sai an yanke masa wani abu a kai.

A kwanakin nan ne saƙo ya shigo daga wata tsohuwar mai saye, wadda dā take zaune a Omdurman, yanzu kuwa tana Alƙahira. Ba kifi take so ba. Ta ce mahaifiyarta da ƙannenta sun gudo daga Sinja, suna kwana a wata makaranta a Damazin, tsohuwar ba ta da waya mai manhaja, ba ta kuma san kowa a garin ba. "Don Allah, 'yar'uwa, in na turo miki kuɗi, za ki sayo musu dawa da mai da sukari ki kai musu? Ke kaɗai na sani a can da na taɓa ba kuɗi ban yi nadama ba."

Ta yi. Ta biya mai shago ta waya, ƙanen ya ɗauki kayan a amalanke, suka nemo tsohuwar a aji na uku daga ƙofa. Suka ɗauki hoton kayan a gabanta, ta yi wa 'yarta magana a wayar tana kuka. Bayan kwana biyu wata mace daga Jidda ta aiko da irin wannan roƙo, ta ce waccan ce ta ba ta lambar. Sai wani daga Bur Sudan.

Mai karatu zai zaci a nan ne ta gane. A'a. Ta ɗauki abin a matsayin taimako, ko kuwa aike. A ranta ita mai sana'a ce, mai hannu, wadda yajinta ya yi suna har Khartum. Ta yaya za ta koma 'yar aike a kasuwa? Wannan girman kai ne, amma ba irin na banza ba. Abin da mutum ya gina da guminsa yakan zama kamar ɗa a gare shi, ba a kuwa ce wa uwa ta ajiye ɗanta da sauƙi.

Surukarta ce ta taɓa wurin. Tsohuwa ce da ta san labarin zuwan Hausawa ƙasar: yadda bayan yaƙin Burmi a 1903 mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, har ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar, da yadda alhazai masu tafiya a ƙasa suka riƙa tsayawa tsinkar auduga a gonakin Jazira, bayan an buɗe su a 1925, don su tara guzurin ƙarasawa Makka. Tana zaune tana kallon matar ɗanta tana tsince ƙwari daga kifi, sai ta ce, "'Yar nan, kakan mijinki damina ɗaya ya ce zai yi a ƙasar nan. Shekara bakwai bai gina ɗaki ba, wai kada ya saba. Kakarsu ce ta gaji da ɗigar ruwa ta kwaɓa ƙasa da kanta." Matar ta ce, "Inna, ai shi niyyarsa mai kyau ce." Tsohuwar ta ce, "Mai kyau ce. Amma ruwa bai san niyya ba."

A daren nan ta ɗauko littafin mai jan bango. Ba kuɗi ta ƙirga ba, gama ta san babu. Sunaye ta bi ɗaya ɗaya, tana tambayar kanta ina mai sunan yake yanzu. Wannan tana Masar. Wannan Saudiyya. Wannan Bur Sudan. Wannan ba labari. Ta sa alama a gaban duk wanda mota za ta iya kai wa kwali daga Damazin. Da ta kai shafin ƙarshe ta koma ta duba, ba alama ko ɗaya.

Sai abin ya fito mata sarai. A 2022 ita ce ta tashi, masu saye suna nan a gidajensu, da albashinsu, da kwaɗayin kifinsu. Kasuwa barci ta yi, tana jiran mai kaya. A wannan karo kuwa ita ce take zaune, masu saye ne suka watse. Kasuwa ta tashi, ita tana tsaron rumfa. Ta kuma ga wani abu da ba ta taɓa lura da shi ba: mutanen nan ba su bar ta ba. Suna da lambarta, sun yarda da ita da kuɗinsu. Abin da suke bukata ne ya sake. Shekara huɗu tana zaton kifi ne jarinta, ashe rabinsa amana ce, ita kuwa ƙwari ba su ci ta ba.

Juyawar ba ta zo da daɗi ba. Ta fitar da kajek ɗin da ya rage ta karyar da shi ga masu saya wa ma'aikatan gona, a kuɗin da bai kai na ɗanyensa ba. Yajin da ya juya ta zubar. Ta je gidan masuntan nan uku da ƙafarta, ta faɗa musu kada su ƙara kawo mata kifi, bashinsu kuma za ta biya kaɗan kaɗan. Biyu suka karɓa. Na ukun ya daina gaishe da mijinta har aka shekara. Ta sa ƙanenta ya cire hoton kifi daga shafin ya rubuta sabon aikin: wanda yake nesa ya turo kuɗi, a kai wa danginsa abinci a Damazin ko Rusairis, a turo masa hoto da muryar wanda ya karɓa. Ta yanka ladanta a fili, ta rubuta shi kowa ya gani, don kada wani ya ce an ci masa a ɓoye. Waɗansu mabiyan shafin suka fita. Wata maƙwabciya ta ce ashe mai yaji ta koma dako.

Ribar ba ta kai ta dā ba, wahalar kuwa ta fi: yawo cikin rana, neman tsohon da aka ce yana wannan makaranta ashe an mai da shi waccan, jiran waya ta kama. Amma ba ta ajiye kayan da zai ruɓe, ba ta sayen kome sai kuɗinsa ya shigo. Kafin damina ta fita ta sallami masunci na farko.

A Nuwamba 2024 sojan gwamnati suka karɓe Sinja, a Janairu 2025 Wad Madani, a Maris kuma tsakiyar Khartum. Motoci suka fara bin hanya. Wata rana saƙo ya shigo daga Omdurman, ana tambaya ko har yanzu akwai yajin nan. Ƙanen ya zo da gudu yana murna. "Yaya, kasuwa ta dawo! A gaya wa masunta, a sayo buhun gyaɗa."

Ta ce masa ya zauna. Ta buɗe sabon shafi a littafin, ta rubuta sunan matar a sama, ta ja layi tara a ƙarƙashinsa ba kome a kansu. Ta ce in layukan nan sun cika da mutanen da suka biya kuɗi, suka kuma dawo suka sake saye, za ta je wurin masunta. In kaka ta yi ba su cika ba, a bar maganar sai baɗi. Sa'an nan ta auna gyaɗa kwano biyu, ta ba babbar 'yarta ta soya, ita kuwa ta yafa mayafi, gama akwai dawar da za a kai wa wani tsoho a Ganis kafin la'asar.